Igiyar da Ta Tsaya a Kwalbati

Zuwa ga ɗan ƙanwata, wanda yanzu ake ce wa Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikin da ya hana ka zuwa gida. Mu nan sai godiya. Maƙwabcina Akawu ne ke rubuta mini wannan, tunda ka san ban yi boko ba, kuma na gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kwalliya. Ba zan kira ka a waya ba. Maganar waya iska ce, gobe sai mutum ya ce bai faɗa ba. Ban da haka, a layinmu sai ka hau kan tankin ruwa kafin ka ji muryar wani.

Tun ina da ƙarfina ƙorafina ɗaya ne, kuma ka girma kana jin sa. Duk abin da ya shigo garin nan, a bakin kwalbatin da ya raba mu da babban titi yake tsayawa. Famfo ya zo, da hannuna na haƙa ramin bututunsa har unguwar ma'aikata, ya iso kwalbati ya tsaya. Sai da furfura ta fara fito mini muka ga ɗigonsa a layinmu. Wuta ta zo, ni na haƙa ramukan falwaya, ita ma ta yi shekaru tana leƙen mu daga tsallake. Kwalta kuwa har yau ka je ka ga inda ta ƙare, kamar an sa wuƙa an yanke. A duk tsawon wannan lokaci ban sami mutum ɗaya da ya tsaya a gabana ya ce mini ga dalili ba. Helima, shugaban leburori, ya ce ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce ofis ne, ofis ya ce a dawo gobe.

To ga wannan igiya taku ta intanet, wadda aka ce mini sunanta faiba. Na zauna a bakin shagon Tela ina kallon yaranku masu hular kwano suna binne ta a gefen titi, suna tahowa, suna tahowa. Na ce wa Tela, "Wannan karon ɗanmu na ciki, za ta tsallako." Ya ce, "Tsoho, gyara zama dai, kallo bai ƙare ba." Suka iso kwalbati, suka gina wani ɗan akwati mai murfin ƙarfe, suka sa kwaɗo, suka loda kayansu suka tafi. Tela ya ci gaba da taka kekensa, amma na ga haƙoransa.

Ba don kaina nake wannan magana ba. Ni in aka ba ni igiyar nan, shanya zan yi a kanta. 'Yata Auta ce, ƙanwarka. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida da yaranta biyu, aikin nan da take yi a kwamfuta, na amsa kiran masu sayen kayan wani kamfani, shi ke riƙe da su. Kullum da safe sai ta rungumi kwamfutar ta tsallaka kwalbati, ta zauna a lungun shagon mai buga takardu, janareto na ruri a bayanta, tana ta cewa mutane, "Yi haƙuri, ban ji ba, sake faɗa." Shugabarta ta gaji. Ta ce mata ko ta sami ɗaki mai shiru da intanet mai ƙarfi kafin damina ta wuce, ko a ba wata kujerarta. Yanzu ta fara duba ɗakin haya a gidajen benen nan na bayan tasha, can ƙarshen gari. In ta tafi, da yaran za ta tafi. Gidan da aka haife ka a ciki zai rage daga ni sai kujeru.

Saboda haka ka gaya mini wane ne ke zana inda igiyar nan za ta bi, da abin da muka yi masa. An ce a ofishin da ake zanen kake. Da diga na kai ka makarantar da ta koya maka riƙe fensirin, bayan Allah ya ɗauki uwarka. Ba gori nake yi ba, tuni ne.

Ka gai da matarka. Direban motar kaya zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa.

Kawunka.

Ƙari daga Akawu: ya faɗi wasu kalmomi a kan ɗan kwangila waɗanda alƙalamina ya ƙi ɗauka. Ina gaishe ka.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Ina gai da Auta da yara da Baba Akawu. Wasiƙarka ta same ni, kuma ban manta da komai ba, Kawu. Ba ranar da zan zauna a kujerar nan ban tuna da hannunka ba.

Zan yi bayani iyakar yadda zan iya, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ba mutum ɗaya ke zana hanyar faiba ba, kuma ba wanda ke jin haushin layinku. Yawancin waɗanda muke zama da su ba su san akwai shi ba.

Muna da taswirar gari a kwamfuta. Abu na farko da muke dubawa shi ne ƙofofi. Ba mutane muke ƙirgawa ba, ƙofofi, domin kowace ƙofa mai biya ɗaya ce. Layinku dogo ne, gidajensa manya, mutum ashirin na iya shiga ta ƙofa ɗaya. A bayan tasha kuwa, bene guda yana da ƙofa talatin a tsaye a kan juna, igiya kaɗan ta ishe su duka. Daga nan sai a duba, in an kai, gida nawa cikin goma za su karɓa, da shekarun da za a yi kafin abin da aka kashe ya dawo. Wannan ana gane shi ne daga yawan datar da wayoyin unguwa ke sha. Su Auta da duk masu tsallaka kwalbati don su sami sabis, a na'urarmu mutanen babban titi ne. Suna ƙara wa can nauyi, layinku kuma yana fitowa kamar ba kowa.

Sai maganar sauri. Abin da aka ware na shekara ana raba shi zango-zango. Duk inda aka ji wani kamfani na shirin shiga, can muke rugawa, don wanda ya fara binne igiya shi ke da unguwar. Layinku ba mai takara a kansa, shi ya sa ake ganin zai iya jira.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, igiyar kanta ba ta da tsada. Haƙan ne ke cinye kusan komai. Da ba don haƙa ba, da tuni mun wuce kwalbati.

Ina roƙonka ka yi haƙuri, Kawu. Akwai abin da nake ƙoƙari a kai wanda ba zan iya sawa a takarda ba tukuna. Na ba direba wata ƙaramar na'ura mai eriya ya kawo wa Auta, ta gwada a kan rufi ko za ta ɗan riƙe.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka.

*

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ka ga na daɗe ban amsa ba, to hannuna ne ke cikin aiki. Na so sai abu ya kammala in yi maka albishir.

Akawu ya karanta mini takardarka, na sa ya maimaita. Maganar ƙofofi ba ta shige ni ba. Ban taɓa ganin ƙofa ta kira ɗanta a waya ba. Tela ya ce in ƙofa kuke so, shi zai fasa katangarsa wuri huɗu ya sa labule. Na'urarka mai eriya kuma tana aiki in babu hadari, babu iska, kuma tsuntsu bai sauka a kai ba.

Amma a cikin duk zancen nan naka akwai layi ɗaya na mutane. Ka ce haƙa ce ta tsaya muku a wuya. Na sa Akawu ya ɗora yatsa a wurin ya sake karantawa. Haƙa, Injiniya? Ka manta a gidan wa ka tashi?

Washegari na jawo digata daga ƙarƙashin gado, na sake mata ƙota. Na bi layi ƙofa-ƙofa na gaya musu ɗanmu da ke ciki ya faɗi gaskiyar da aka daɗe ana ɓoye mana: igiya araha ce, rami ne babu. Tela ya rufe shago. Mahauci ya zo da samarinsa. Mai gyaran keke ya ba da baro biyu. Har Liman ya riƙe mana bakin igiyar awo. Na kafa fegi, na ja layi da farar ƙasa daga jikin akwatinku har ƙofar gidana, wanda shi ne na ƙarshe. Zurfi har ƙugu, faɗi kamun shebur biyu, gefe a tsaye kamar bango. Kowace ƙofa na sa mata gadar katako don mata da masu babur. Bututun famfo ko ɗaya ba mu taɓa ba, don ni na binne su, na san makwancin kowanne.

Da ka ga layin nan. Rabon da in ga mutanensa a wuri ɗaya suna dariya, tun ranar da aka kunna mana wuta. Samarin da ba sa gaishe ni suka koma ce mini Helima. Mahauci ya tsaya cikin ramin yana share zufa ya ce, "Tsoho, ko igiyar ba ta zo ba, mun dai sami inda za a jera mu." Na ce masa, "Kai naka sai an ƙara faɗi." Tela kuwa da ya sari ƙasa sau kaɗan sai ya ce ƙwayar idonsa ta motsa, ya koma mai ba da shawara.

Auta ta so ta kawo cikas. Ta ce, "Baba, ka bari a tambayi Yaya tukuna." Na ce mata Yaya ya riga ya yi magana, a rubuce ma. Yanzu ita ce ta share ɗakin tsakiya, ta sa tebur kusa da taga, ta daina zancen bayan tasha. Ƙaramin ɗanta yana gaya wa kowa kakansa ne ya kawo intanet.

Wani yaronku ya zo duba akwati, ya tsaya yana ɗaukar ramin hoto, yana tambayar wa ya ba da aiki. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin gida ne, ɗana Injiniya na ofishin zane shi ya nuna mana hanya. Na ba shi sunanka cikakke don ya san da wa yake magana.

To ga rami nan, kyauta, ba mu neman ko sisi. Bayana ya riƙe, ba na iya sunkuyawa sai da dabara, amma wannan ba komai ba ne. Ku zo ku kwantar da igiyarku mu rufe, kafin ruwa ya sauka. Abin da ya gagari kamfani, tsofaffi sun gama shi.

Ka gai da gida.

Kawunka.

Ƙari daga Akawu: ramin ya yi kyau ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma ni ban ga inda ka ce a haƙa ba, na kuma faɗa masa. Ya ce aikina karatu ne, ba fassara ba.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon ka sa Baba Akawu ya karanta maka wannan a hankali, har ƙarshe, kafin ka yi fushi.

Da ka tambaye ni, Kawu. Hotunan ramin sun riga wasiƙarka isowa.

Kamfani ba ya sa igiya a ramin da ba shi ya haƙa ba. Ba a taɓa gefen hanya sai da izinin hukumar gari, kuma ɗan kwangila mai rajista ne kawai ke haƙawa, don in wani ya faɗa ciki ko wani abu ya fashe, a san wanda za a kama. Irin ramin da ka haƙa ma mun daina yin sa. Inji ne ke tsaga ƙasa faɗin tafin hannu, a sa igiya, a rufe a ranar. Da na ce haƙa ke cin kuɗi, izini nake nufi, da inji, da inshora, da gyaran hanya bayan an gama. Laifina ne da ban fayyace ba.

Ga abin da na ce ba zan iya rubutawa ba. Na yi wata da watanni ina neman hanyar da layinku zai shiga zango mai zuwa. Na haɗa shi da ƙaramin asibitin da ke bayanku, wanda dole a kai masa igiya, na nuna cewa ta layinku hanya ta fi kusa. An yarda. Saura sa hannu ɗaya. Da injin ya shigo bayan damina, kuma da Auta ta sami takardar da za ta nuna wa shugabarta ta ƙara mata lokaci.

Yanzu hukumar gari ta rubuto tana tuhumar kamfani da haƙa ba izini, tunda ramin daga jikin akwatinmu ya tashi. Kamfani ya amsa cewa ba shi ba ne. Don ya tabbatar da haka, an cire layinku daga zangon, an sa shi cikin wuraren da ke da rigima, waɗanda ba a taɓawa sai an sasanta. Asibitin za a kai masa ta ɗaya hanyar. Ni kuma, da yake an rubuta a rahoto cewa ni na ba da umarni kuma gidan kawuna ne, an karɓe yankin daga hannuna. Na tsaya gaban kwamiti na yi bayani. Aikina yana nan, amma ba ni da bakin magana a kan layinku kuma.

Ba ina ɗora maka ba ne. Na san abin da ya sa ka ɗauki diga. Abin da nake roƙo shi ne ku rufe ramin tun ruwa bai cika shi ba, ku daidaita ƙasar, kada a yi gardama da mutanen hukuma in sun zo. In komai ya lafa, wataƙila a sake duba layin nan gaba. Ba zan ce maka yaushe ba, don ban sani ba.

Ka yafe mini. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan.

Ɗanka.

*

Zuwa ga Injiniya,

Salamu alaikum. Gaisuwa ɗaya ta ishe ka yau.

An karanta mini. Ka ce in bari a kai ƙarshe kafin in yi fushi, to an kai.

Wato kana da magana a ciki ka ɓoye mini, ka bar ni da rabin zance. Ni da na yi maka wanka, ni ne ba za a iya gaya wa sirri ba? Ka rubuta haƙa, na haƙa. Yanzu ka ce haƙar taku ba ta diga ba ce, ta takarda ce. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban san an sake mata ma'ana ba sai a bakinka.

Bari in gaya maka abin da ya fi ci mini rai. Shekara da shekaru layin nan ba ya cikin taswirar kowa. Kwata ta toshe, mun rubuta, shiru. Falwaya ta karkace a kan gidan mutane, mun je ofis, an ce babu mota. Ranar da muka ɗaga diga don mu taimaki kanmu, ranar aka gan mu. Mota biyu hukuma ta turo. Ashe suna da mota. Wani mai tumbi ya fito da jan fenti ya zana alama a katangata, ya ce a rufe ko a ci mu tara. Na ce masa, "Sannu da zuwa, yau ka san hanya?" Ya ce shi aiko shi aka yi. Na ce wa ya aiko ka? Ya ce ofis.

Ruwa kuma ya sauka. Ramin ya zama kogi, gefensa ya fara zabgewa. Babur ɗin Mahauci ya zame daga kan katako ya nutse har sirdi. Yanzu in ya hango ni sai ya duƙufa a kan namansa. Samarin da ke ce mini Helima sun koma ce mini Kwamishinan Ruwa. Kowa ya fito da shebur ya rufe na ƙofarsa, ba dariya, ba mai kallon wani. Tela ne kawai ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Tsoho, da na san haka ne da ban yi maka dariya ba tun farko." Wannan ta fi dariyar zafi.

Na ƙofata ban rufe ba, kuma ba zan rufe ba. Kada ka sake rubuto mini cewa ba mutum ɗaya ba ne. Alƙalami ba ya tashi da kansa. Akwai hannun da ya ja layi a kan sunan unguwarmu, akwai bakin da ya ce waɗannan za su iya jira. Kun san yawan ƙofofinmu, kun san abin da wayoyinmu ke sha, kun san shekarun da za ku yi kafin ku ci riba a kanmu. Mu kuwa ko fuskar mutum ɗaya ba mu sani ba. Taka kaɗai na sani, ita ma ka ce an hana ta magana.

Auta ta daina cin abinci tare da ni. Ba faɗa muka yi ba. Kwalin ɗaure kaya take nema a shaguna.

Ba sai ka amsa ba in abin da za ka ce haƙuri ne. Ina da shi buhu-buhu, tun na famfo ban taɓa ba.

Kawunka, duk da haka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da yara. Baba bai san na rubuto ba.

Na karɓi ɗakin bayan tasha. Shugabata ta yi mini iyakar ƙoƙarinta, ba ta da sauran abin cewa a sama. Hawa na uku ne, ɗaki da falo, taga na kallon bangon wani benen. Igiyarku tana nan a jikin bango tun kafin in shiga. Mai gidan ya ce kamfani biyu ne suka yi rububin sawa. Jibi motar kaya za ta zo.

Na roƙi Baba ya biyo mu. Na ce falon ya ishe shi, yara za su kwana da ni. Ya ce, "Ni in hau bene in zama ƙofa ta talatin da ɗaya? A ƙirga ni tare da kwaɗo?" Na ce, "Baba, ba wanda zai dafa maka." Ya ce kafin a haife ni yana cin abinci. Sai ya juya ya tambayi babban yaron ko ya iya ɗaure igiyar awo, ya zaunar da shi yana koya masa.

Kullum da safe yana fitar da benci ya zauna a bakin abin da ya rage na ramin. Yana kwashe ruwan da bokiti, yana gyara gefen da shebur, ya sa katako ya kewaye don kada wani ya faɗa. Ya ce in mai amsa masa tambayarsa ya zo, ya tarar da aiki a tsabtace. Bayansa ya fi yadda yake faɗa muku tsanani.

Ba na ganin laifinka, Yaya, shi ma ba na iya ganin nasa. Abin da ya tsaya mini kawai shi ne, a taswirarku jibi za a ƙara mai biya ɗaya a bayan tasha, a rage mai nema ɗaya a layinmu. Na san abin da na'urar za ta ce game da hakan.

Ka zo ka gan shi. Kada ka zo da bayani, ka zo kawai.

Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga Manajan kamfanin igiya, ko duk wanda ke sama da shi,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai kujera. Ba ka san ni ba. Ni ne ƙofa ta ƙarshe a layin da ke bayan kwalbati, wanda kuka sa cikin masu rigima. Ɗan ƙanwata ba shi da hannu a wannan takarda, kuma ba shi ya ce in haƙa ba. Ku bar shi ya ci abincinsa.

'Yata ta tashi da jikokina. Ɗakin da ta share don igiyarku yana nan da teburinsa. Saboda haka ba roƙo na zo yi ba, abin da zan roƙa dominsa ya riga ya hau mota.

Tambaya ce da ni, tun zamanin famfo nake yawo da ita. Wane ne ya zauna ya ce mu za mu iya jira? Kada a ce mini taswira, kada a ce mini na'ura, kada a ce mini kwamiti. Mutum nake so, mai suna da fuska, ya tsallako kwalbatin nan da ƙafarsa, ya tsaya a ƙofata ya ce, "Ni ne, kuma ga dalilina." Ba zan zage shi ba. Zan ba shi benci da ruwan sha. In ya gama, da hannuna zan rufe ramin, ko da bayan nan zai karye.

Kafin nan ramin yana buɗe, ni ma ina zaune. Gidan ba shi da wuyar ganewa, hukuma ta sa masa jan fenti.

Ku amsa mini.

Tsohon mai haƙa, ƙofa ta ƙarshe.